Hancin da Muka Ƙera wa Masu Kalanzir

Mu uku ne a cikin wannan labari, kuma duk dangin juna ne. Na farko Malam Isyaku, yayan mahaifiyata, wanda ya yi aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare a Kazaure har ya yi ritaya. Kawu nake kiransa. Ta biyu Hajiya Fanna, matar marigayi yayan mahaifina, 'yar asalin Barno wadda aure ya kawo Babura, ta kuma kafa rumfar sayar da kalanzir a ƙofar gidanta tun ban shiga makaranta ba. Ita Inna nake ce mata. Na uku ni ne, Nasiru, wanda ya karanta ilmin sinadarai a jami'a, ya gama hidimar ƙasa, ya dawo gida da takarda a hannu babu inda zai miƙa ta.

Ina rubuta wannan ne domin ɗaliban da ake turo mana koyon aiki. Kusan kowannensu, da zarar ya ga abin da muke ƙerawa, sai ya murmusa. Wani ya taɓa ce mini, "Yallaɓai, ai wannan baƙin fitila ne kawai da gam ɗin masu faci." Gaskiya ya faɗa. Tuwo ma gari ne da ruwa, amma ba kowane hannu ke tuƙa shi babu gudaji ba.

Abin da muke ƙerawa guntun gilashi ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, da wayoyi biyu na jan ƙarfe, da wani baƙin shafe a tsakaninsu. Aikinsa shi ne ya ji tururin fetur idan an gauraya fetur a cikin kalanzir. Ni na so a kira shi ma'aunin tururi, suna mai tsabta da ke bayyana aikinsa. Masu sayar da mai suka ce hanci. Hanci ya zauna, nawa sunan ya bi iska.

A shekarun da muka fara, fetur ya fi kalanzir araha, saboda haka marasa tsoron Allah sukan tsiyaya fetur a cikin duro su sayar a matsayin kalanzir. Ido ba ya rarrabe su. Mai sayarwa kuwa, wanda ya wuni cikin warin mai, hancinsa na jiki ya riga ya gaji, ba ya jin komai. Sai matar gida ta cika risho, ta ƙyasta ashana, wuta ta tashi tun ashanar ba ta kai ga lagwani ba. Kawu ya taɓa zuwa jaje gidan da hakan ta faru a wani ƙauye kusa da Roni, kuma daga can ne ya dawo ya ce mini, "Ɗan nan, takardar taka ba ta san wani abu da ke jin fetur ba?" Na ce ta sani: roba tana shan tururin fetur ta kumbura, baƙin hayaƙi kuma yana ɗaukar lantarki. Ya ce, "To, ni na san inda ake samun duka biyun."

Aikin farko da ya sa ni shi ne tara baƙin fitila. Ana kunna aci-balbal, a ɗaga lagwaninta har ta yi hayaƙi, a riƙe farantin tasa a samanta da ɗan ruwan sanyi a cikinsa. Baƙin yana kwanciya a gindin farantin, sai a share shi da gashin kaza. Wuni guda ba ya cika murfin kwalba. Wannan baƙin kuma ba a amfani da shi yadda ya fito, domin akwai maiƙo a jikinsa. Sai an zuba shi a gwangwani mai murfi an gasa a cikin garwashi har maiƙon ya ƙone. Na farkon da na haɗa ban gasa shi sosai ba, ya ƙi jin komai. Kawu ya duba shi ya ce, "Ka ciyar da shi tun kafin a haife shi, me kuma zai ci?"

Daga nan sai haɗi. Ana ɗiban gam ɗin da masu faci ke liƙa tayar ciki da shi, a tsinka shi, a zuba baƙin a dama har ya yi kamar tawadar allo. A shafa a kan gilashi tsakanin wayoyin nan biyu, shafa ɗaya tak, a bar shi ya bushe a inuwa. Idan an haɗa wayoyin da mitar masu gyaran rediyo, allura takan tashi ta tsaya a wani wuri, alamar lantarki yana ratsawa. Yadda nake bayyana wa ɗalibai shi ne: ku ɗauka ƙwayoyin baƙin nan 'yan gayya ne sun jeru suna miƙa wa juna tubali. Muddin kafaɗa tana kusa da kafaɗa, tubali zai isa wurin magini. Idan roba ta sha tururin fetur ta kumbura, sai ta nisanta su da juna, hannu ya kasa kai wa hannu, tubali ya tsaya. A nan ne allura ke faɗuwa. Idan baƙi ya yi yawa a haɗin, komai kumburin roba suna nan a manne, allura ba za ta motsa ba. Idan ya yi kaɗan, tun farko babu layin. Tsakanin yawa da kaɗan ɗin nan, nan sana'ar take, kuma sai da rani ya wuce damina ta wuce kafin hannuna ya san shi.

Gwajin kansa yana da ladabinsa. A zuba kalanzir rabin kwalba, a toshe, a ajiye a inuwa ya huta. A buɗe, a saka hanci a wuyan kwalba, kada ya taɓa man. Kalanzir na gaskiya tururinsa kaɗan ne, allura takan ɗan rausaya ta tsaya. Idan akwai fetur, faɗuwa take yi kamar an tankwaɓe ta. Mai sayarwa ta farko da ta karɓa a Kazaure ita ce Madam Rifkatu, wadda ke da shago kusa da tasha. Ta sa na gwada mata a gabanta, ta juya baya ta ɗiga fetur a wata kwalba ba tare da na gani ba, ta miƙo mini. Da allura ta faɗi sai ta tafa hannu ta ce, "Malam Nasiru, wannan abin naka ya fi mijina gane ƙarya." Daga bakinta labari ya kai Gwiwa da Roni.

A Babura kuwa Inna ce wakiliyarmu. Duk wanda ke son hanci a garin, ko a Kanya Babba, wurinta yake zuwa. Ranar da muka kai mata kaya, Kawu ya yi mata bayani da kansa. Ya ce, "Hajiya, kada ki ajiye su a rumfa cikin warin mai. Ki nema musu wuri mai tsabta, inda ƙura ba ta shiga, yara ba sa kaiwa. Abu ne mai daraja." Ta ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka. Abu mai daraja na san inda ake sa shi."

Damina ta uku ita ce muguwar shekara. Wani sabon dillali ya kawo wa Inna duro uku. Ta ɗebo daga kowanne, ta gwada kamar yadda aka koya mata, allura ba ta ce komai ba, ta sa aka sauke kaya. Amma Inna tana da wata ƙa'ida da ta girmi hancinmu: ba ta sayar da ko kwalba ɗaya daga duron da ba ta fara dafa abinci da shi ba. Washegari da hantsi ta cika rishonta a cikin rumfa, ta sunkuya ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi gaba ɗaya, ta kama mayafinta, ta kama zanan rumfa. Ta fizge mayafin ta yar, maƙwabta suka zo da ƙasa da jiƙaƙƙun buhuna, Allah ya sa durorin suna cikin wani ɗaki a bayan gida, wuta ba ta kai gare su ba.

Kafin mu sauka daga mota a Babura, magana ta riga ta zaga gari: hancin 'yan Kazaure ya ce mai lafiya lau, ga shi ya cinye rumfar mai shi. Muka sami Inna a zaure da hannu ɗaya a naɗe. Bayan gaisuwa da jaje, Kawu ya ce, "Hajiya, ko za a nuna mana hancin da kika gwada da shi, da sauran da ba a sayar ba?"

Ta sa aka fito da akwatinta na ƙarfe. Ana ɗaga murfi, ƙamshi ya cika zauren. Laffayoyinta ne a ciki da kayan fita biki, a tsakiyarsu kuma ga hancinanmu a naɗe cikin farin ƙyalle, kusa da kwalbar humra.

Kawu ya ce, "Hajiya, turare kike yi musu?"

Ta ce, "Duk ranar da na turara kayana. In na kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, a kan kasko na shimfiɗa laffaya, sai in ɗora ƙunshinsu a sama su ma su samu. Kai ne fa ka ce abu mai daraja ne. Da a ina kake so in sa su, a akurkin kaji?"

Na ɗauki ɗaya na duba shi a hasken ƙofa. Shafen da ya kamata ya zama busasshe ya yi sheƙi, yana ɗan manne wa yatsa. Na haɗa shi da mita, na kara masa tsagwaron fetur a murfin kwalba. Allura ta ɗan girgiza kamar mai gyangyaɗi, ta koma. Maiƙon turaren wuta ya shige robar, ta kumbura ta zauna a kumbure, babu sauran wurin da fetur zai shiga. Kuma da yake kowace safiya ana murɗa maɓallin mita a mayar da allura kan alamarta, babu wanda ya lura hanci ya toshe. Duk waɗanda aka saya daga akwatin nan haka suke. Daga baya na ji har wani mai mai a Kanya Babba yana yabon cewa hancin Babura ya fi na Kazaure ƙamshi.

Kawu ya dubi akwatin ya ce, "Mun ce miki nesa da wari. Ita roba ba ta san bambancin wari da ƙamshi ba, duk tururi ne a wurinta."

Inna ta ce, "To, lalle ba ta da tarbiyya."

Dariyar ba ta yi nisa ba, domin dillalin ya riga ya kai ƙara wurin Alhaji Sale, dattijon da masu sayar da mai na garin suka ɗora a gabansu. Ya ce mansa ba shi da aibi, rishon tsohuwa ne ya lalace, kuma ga shaida: abin gwajinta da kansa ya wanke shi. Alhaji Sale ya yanke cewa a taru a ƙofar gidansa ranar kasuwa mai zuwa a gwada a idon jama'a. Idan hanci ya gaza, Inna za ta janye zarginta a bainar jama'a, ta riƙe durorin, mu kuma kada a sake ganin kayanmu a hannun wani mai mai a wannan yanki. Sunan da ta gina tun kafin a haifi rabin masu sauraron yana kan wannan gwaji, sana'armu ma haka.

Muka koma Kazaure muka tara sabon baƙi. Sama a lulluɓe take, shafe ya ƙi bushewa da wuri. Na kawo shawarar mu kara shi kusa da garwashi, Kawu ya ƙi, ya ce roba da aka gaggauta takan tsage. A cikin jiran nan muka fito da abubuwa biyu da har yau ba a sayar da hanci sai da su. Na farko gwangwani mai murfi da dakakken gawayi a gindinsa, domin gawayi yana tsotse duk tururin da ya kutsa ciki kafin ya kai ga roba. Na biyu 'yar kwalba da auduga mai ɗigon fetur: kafin kowane gwaji a kara wa hanci ita, idan allura ta faɗi ta dawo, yana da rai, idan ta yi shiru, a yar da shi. Da na kwatanta wa Inna sai ta ce, "Wato a gaishe shi tukuna. In bai amsa ba, ba a tambayarsa labari." Tun daga ranar gaisuwa ake kiran wannan mataki.

Ranar gwaji da safe, bayan an ɗauke yayyafi, jama'a suka cika ƙofar gidan Alhaji Sale. Ya shiga zaure shi kaɗai, ya fito da kwalabe biyar iri ɗaya, babu wanda ya san abin da ke cikin kowace sai shi. Na miƙa hannu zan karɓa, Inna ta ce, "Nasiru, matsa. Rumfata ce ta ƙone." Ta zauna a kan tabarma, ta buɗe gwangwani, ta gaishe da hanci, allura ta faɗi ta dawo. Dillalin yana tsaye da hula a gefen kai, ya ce, "Hajiya, a yi masa turare mana, ko zai fi faɗin gaskiya." Wasu suka yi dariya. Ba ta ɗaga kai ba.

Kwalba ta farko, allura ta rausaya ta tsaya. Ta biyu, ta faɗi. Ta uku, ta tsaya. Ta huɗu, ta faɗi. Inna tana barin hanci ya sha iska tsakanin kowace da kowace, ba ta gaggawa. Da ta saka shi a wuyan ta biyar, allura ta faɗi warwas. Ta jere ukun a hagu, biyun a dama, ta nuna na hagun ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ba na zuba su ko a rishon maƙiyina."

Alhaji Sale ya gyara murya. Ya ce ta farko da ta uku daga gidan mai ya sa aka ɗebo, hanci ya yi daidai. Ta biyu da ta huɗu daga durorin da ake rigima a kansu ne. "Amma ta biyar," in ji shi, "daga gidana take. Jiya aka sayo mana galan, daga ciki na tsiyaya. Hajiya, ina jin nauyinki, amma abin nan ya yi wa gidana ƙazafi. Idan ya yi ƙarya a ɗaya, yaya zan yarda da shi a biyu?"

Dillalin ya buga cinya ya ce, "Kun ji ko! Wancan karon ya wanke, wannan karon ya ɓata. Abin wasan yara ne."

Kawu ya miƙe ya cire takalmansa, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni murafun gwangwani biyu da dogon kara, a kuma matsar da jama'a." Ya kai murafun tsakiyar fili inda babu komai. Ya tsiyaya kaɗan daga kwalba ta farko a ɗaya, kaɗan daga ta biyar a ɗayan, da tazara mai yawa a tsakani. Ya kunna bakin karan, ya tsaya nesa, ya tsoma shi a murfin farko. Wutar ta mutu kamar an tsoma ta a ruwa, domin kalanzir na gaskiya ba ya kamawa sai da lagwani. Ya sake kunnawa, ya miƙa wa na biyu. Tun karan bai taɓa man ba, wuta ta yi tsalle ta tarye shi a iska.

Alhaji Sale ya zaro waya ya kira gida, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Iyalinsa suna gidansa na bayan kasuwa, ba nan ba. Ya juya ya ƙwala wa wani ɗan acaba kira: "Kai, Habu! Tashi ka je wurin Hajiya Babba, ka ce in ji ni kada a kunna risho! Ko ashana ka gani a hannunta ka fizge!" Babur ya fita da gudu. Babu wanda ya zauna har ya dawo. Ya ce ya tarar an cika risho, uwargidan tana wanke shinkafa.

Da aka bi sawun galan ɗin, sai aka samu mai shagon da ya sayar da shi a wurin wannan dillalin ya saro. A ranar aka tattara duk man da ya raba a garin, Inna tana zaune da gwangwaninta, ana kawo mata jarka bayan jarka tana gaisuwa tana gwadawa, har la'asar. Dillalin ya kwashi kayansa, ba a sake ganinsa a wannan kasuwa ba. Alhaji Sale ya ce daga yau babu duron da za a sauke a hannun mutanensa sai hanci ya shaƙa, sa'an nan ya dubi Kawu ya ce, "Malam, a ƙera mini biyu. Ɗaya na rumfa, ɗaya na cikin gida."

Yanzu farashin mai ya juya, masu gauraye sun ragu, amma aiki bai ƙare ba. Masu fenti da kafintoci suna zuwa neman hancin da zai faɗa musu lokacin da tururin tinna, ruwan tsinka fenti, ya taru a shago, kuma kowane tururi da irin robar da ke shan sa, sai an sake neman haɗi daga farko. Duk ɗalibin da ya zo, aci-balbal da faranti da gashin kaza nake fara miƙa masa, kuma ba ya shiga ɗakin haɗi da turare a hannu, ko ranar Juma'a ce. Inna ta sake rumfa, ta kwano wannan karon. Gwangwanin gawayi yana kan wata kanta a ɗakinta, nesa da akwati. Har yau tana cewa tausayinsa take ji, abu mai daraja yana kwana cikin gawayi. Har yau kuma ba ta sayar da kwalba daga duron da ba ta dafa da shi ba.

Abin da aka rasa a waccan damina: rumfa ɗaya ta zana, risho ɗaya, tukunya ɗaya, mayafi ɗaya, hanci talatin da shida. Rai, ko ɗaya.